Awa 72 da takarda ɗaya: yadda muka bi ƙarar fyaɗe a gabashin Sudan

Ba zan faɗi sunan garin ba, ba zan faɗi sunan yarinyar ba. Ya isa a ce muna cikin Hausawan gabas, tsakanin Gadarif da Kasala, kuma 'yar ƙanwata ce, shekarunta 19. Aikina ungozoma ne, don haka ɓangaren asibiti na san shi tun da. Ɓangaren 'yan sanda da kotu kuwa a kan ƙafa na koye shi, kuma da a ce wani ya rubuta mini shi kafin ranar, da ba mu yi asarar da muka yi ba.

Abin ya faru ranar Talata, wajen ƙarfe 7 na dare. Ta kai wa kakarta abinci a wata unguwa, ta tare raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, za ta dawo gida. Direban ɗan unguwarmu ne, ya sha ɗaukar ta ita da uwarta zuwa kasuwa. Ya saki hanya, ya nufi wajen gonaki. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan daren. Ta iso gida, ta shiga banɗaki ta yi wanka har sau biyu, ta jiƙa tufafinta a bokiti, ta kwanta. Sai bayan sallar asuba ta gaya wa uwarta. Ranar Laraba gaba ɗaya ta ƙare a ɗakin mahaifinta, shi da ƙannensa biyu, ana ja-in-ja. Ɗaya ya ce a je a kama yaron a karya shi. Ɗaya ya ce a rufa asiri, a bar kaza cikin gashinta. Ƙaramin baffan nata shi ya kawo maganar da na ji daga baya a bakuna da yawa: wai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, me ya fitar da budurwa ita kaɗai bayan magariba? Babu wanda ya ce a kai ta asibiti. Ni sai ranar Alhamis da hantsi ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta ce, "Yaya, ki zo, an cuce mu." Da na ƙirga, awa 39 sun riga sun wuce.

Dole in tsaya a kan wannan ƙirgen, don shi ne abin da mutanenmu ba su sani ba. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin awa 72, kuma kowace awa da ta wuce ƙarfinsa raguwa yake. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa tana aiki har zuwa awa 120, wato kwana 5, amma ta fi aiki a kwana ukun farko. Shaidar da ke jikin mace, wadda likita ke ɗauka da auduga a kai ɗakin gwaji, ita ma kwana uku ne mafi yawa take da amfani, wanka kuwa yana tafiya da mafi yawanta. To, yinin da aka ɓata ana tambayar me ya fitar da ita, daga cikin waɗannan awowin aka cire shi. Wanda ya ɗora wa yarinya laifi yana ganin magana kawai ya yi. A jikinta maganar take sauka.

Da na isa gidan ban shiga ɗakin maza ba. Na same ta a ƙuryar ɗaki ta juya fuska ga bango. Na ce, "'Yata, ba ke kika yi laifi ba. Tashi mu je a duba lafiyarki, sauran magana sai abin da kika ce." Ta ce, "Inna, na yi wanka, na ɓata kome." Na ce ba ta ɓata kome ba. Duk macen da na taɓa gani a wannan hali abin da ta fara nema ke nan, ruwa da sabulu, kuma ba abin zargi ba ne. Mun duba bokitin. Riga da ɗan kamfai sun jiƙe, amma mayafinta, wanda a nan ake ce wa tob, ta jefar da shi bayan ƙofa bai taɓa ruwa ba, ga ƙasa da ƙaiƙayi a jikinsa, gefe ɗaya ya yage. Na naɗe shi a takardar jarida mai tsabta. Kada a sa irin wannan kaya a leda: danshi yana taruwa, ya yi fumfuna, shaidar ta lalace. Kowane tufa a naɗe shi daban, in da jiƙa a shanya shi a inuwa tukuna. Na kuma ce kada ta goge kome daga wayarta. Wannan ya yi mana rana daga baya, don mutumin ya turo mata saƙo da safiyar Laraba yana cewa ta yi shiru, in ta faɗa ita za ta ji kunya.

Muka fara da asibitin gwamnati, sashen gaggawa da ake kira hawadis. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 garuruwan gabas suka cika da waɗanda suka gudo daga Khartum, daga baya kuma daga Wad Madani, asibitocin sun yi wa jama'a kaɗan. Mun yi kusan awa biyu a layi. Da muka isa tagar rajista na faɗa wa ma'aikacin a hankali abin da ya kawo mu, sai ya ce ba za a taɓa ta ba sai mun kawo urnik tamanya. Wannan ita ce takarda mai lamba 8 da 'yan sanda ke bayarwa ga duk wanda aka ji wa rauni ta hanyar laifi, likita ya cike, ta zama shaida a kotu. Abin da ya faɗa ba daidai ba ne. Tun 2005 Ma'aikatar Shari'a ta fitar da umarnin cewa za a iya yi wa wadda aka yi wa fyaɗe magani ba tare da ta fara zuwa wurin 'yan sanda ba. Sai dai ma'aikata da yawa ko ba su sani ba, ko suna tsoron a kira su kotu. Kuskurena a nan shi ne na tsaya gardama da mai taga. Abin da ya kamata shi ne in wuce shi in nemi likitan da ke bakin aiki ko babbar sista, in ce musu awa nawa suka wuce, in nemi a ba ta ƙwayoyin farko nan take, takarda ta biyo baya. Ban yi haka ba. Muka fita neman raksha, yarinyar ta tsaya cak a bakin titi, ta ce ba za ta shiga ba. Sai da na kira ƙanena, kawunta, ya zo da motar wani abokinsa. Duk wanda zai raka mai irin wannan ciwo ya yi tunanin abin hawa tun daga gida.

A ofishin 'yan sanda aka ce mu buɗe balag, wato mu shigar da ƙara. Ana buɗewa ko dai kai tsaye a wurinsu, ko ta hanyar rubuta arida, takardar koke, zuwa ga wakilin niyaba, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, shi ya ba da umarni. Mu a nan muka buɗe, saboda lokaci. An nemi lambar shaidar ɗan ƙasa, rakam watani, tata da ta kawun. Ku tafi da ita, da kwafi aƙalla uku, don kowane tebur sai ya riƙe ɗaya. Teburin karɓar ƙara a fili yake, ga masu rigimar awaki, ga wanda aka sace wa waya, kowa yana ji. Wanda ya fara yi mata tambaya ya ce, "Kin san shi? To in kin san shi me ya sa kika shiga? Kin yi ihu? Wa ya ji?" Na ga ta fara rawar jiki. Na roƙi a ba mu ɗaki a keɓe, kuma in akwai 'yar sanda mace a kira ta. An yi mana duka biyun, bayan jiran kusan awa ɗaya. Ba wanda zai yi muku tayin wannan, sai kun nema. A ɗakin ta ba da labarinta da Hausa gauraye da Larabci. Nan ma akwai tarko: mai rubutu da Larabcin ofis yake rubutawa, kuma kalma ɗaya tana iya juya magana. Ta ce "na shiga rakshar", ya rubuta abin da ke nufin "na tafi tare da shi". Kawunta ya sa aka karanta mata bayanin daga farko zuwa ƙarshe kafin ta sa hannu, aka gyara wurin. Ku rubuta lambar balag ɗin da kwanan wata da sunan mutaharri, wato ɗan sandan da ke binciken, a littafinku. Ba tare da lambar nan ba babu ofishin da zai nemo muku fayil.

Ga wanda 'yarsa ko ɗansa bai kai shekara 18 ba, hanyar daban ce kuma ta fi sauƙi. Akwai Sashen Kare Iyali da Yara na 'yan sanda, wanda aka fara buɗewa a Khartum a 2007 aka kuma yaɗa shi zuwa jihohi. A can akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙarar kuma tana zuwa niyabar yara da kotun yara a ƙarƙashin Dokar Yara ta 2010, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 20 ga wanda ya yi wa yaro fyaɗe. Lambar wayarsu da aka sani ita ce 9696. In ba ta shiga ba, a tafi da ƙafa. Tamu ta wuce shekarun da wata goma sha, don haka ta bi layin manya.

Da urnik a hannu, da ɗan sanda ɗaya mai rakiya, muka koma asibiti bayan la'asar. Likita mace ba ta nan sai dare, yarinyar kuma ta ce ba za ta yarda namiji ya duba ta ba. Haƙƙinta ne. Amma a wannan karon na nemi a raba abu biyu: dubawa ta jira, magani kada ya jira. Ɗakin da ke ajiye maganin ƙanjamau an kulle, mai makulli ya tashi, ga shi gobe Juma'a, jibi Asabar, ranakun hutu. Wata sista, Allah ya saka mata da alheri, ta yi ta buga waya har ya dawo. Ƙarfe 9 na dare ta haɗiyi ƙwayar farko, awa 50 bayan abin. Da mun koma gida mun ce sai Lahadi, da an wuce wurin.

Ga abin da ya kamata a yi mata, don ku ƙirga da yatsa kada a tsallake. A gwada jini don ƙanjamau da ciwon hanta, a gwada fitsari don ciki, kafin a ba da magani. Wannan gwajin cikin na ranar farko ku karɓi takardarsa ku adana kamar zinariya, zan faɗi dalili. Sai maganin kariya daga ƙanjamau, ƙwaya ɗaya kullum har kwana 28 ba fashi. Yana sa tashin zuciya, ciwon kai, wani lokaci rashin barci, kuma a satin farko ne mutane ke yar da shi. A sha da ɗan abinci, a lokaci ɗaya kullum. Sai ƙwayar hana ɗaukar ciki, guda ɗaya. In ta yi amai cikin awa 2 a sake ba ta wata. Wannan ƙwayar ba ta zubar da ciki, hana shi shiga take yi, kuma sai da na yi wa uwarta wannan bayani sau biyu kafin hankalinta ya kwanta. Sai allura da ƙwayoyi na cututtukan sanyi, sai rigakafin ciwon hanta, sai allurar tetanus in akwai yanka ko ƙujewa. Maganin ƙanjamau da na hana ciki kyauta muka samu. Allurar sanyi da rigakafin hanta babu a asibitin, a kantin magani muka saya, aka biya ta Bankak, manhajar banki ta waya. Ba zan ba da adadi da jine, wato fam ɗin Sudan, ba don farashin watan jiya ba shi ne na yau ba, amma a daren nan kaɗai, tsakanin mota da magani da gwaji da kwafin takardu, abin da ya fita ya kai kuɗin cefanen gidansu na mako biyu.

Likitar ta zo wajen ƙarfe 10. Urnik tamanya shafi ne ƙarami, wurin rubutu kaɗan, kuma al'adar da aka saba ita ce a rubuta halin budurci, da ko an ga maniyyi, shi ke nan. Wannan al'ada tana cutar da mata. Fatar budurci ba ta nuna ko an tilasta mace ko ba a tilasta ba, ba ta ma nuna tabbas ko an taɓa saduwa da ita, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a daina abin da ake kira gwajin budurci tun 2018. A ƙasar da mata da yawa aka yi musu kaciya, karanta wurin ya ƙara wuya. Matar aure ko bazawara kuma fa, ita ba a yi mata fyaɗe ke nan? Na roƙi likitar ta duba jiki duka, ta rubuta kowane tabo da wurinsa da girmansa: shatin yatsu a damtse biyu, ƙujewa a baya da gwiwar hannu, kumburi a leɓe. Ta rubuta, ta ƙara takarda ta biyu da wurin ya ƙare, ta sa hatimi a duka. Ta ɗauki samfuri duk da wankan. Na ɗauki hoton takardun da waya kafin ɗan sandan ya karɓa, don asalin ba ya dawowa hannunku. Kuma a sani, rashin rauni ba yarda ba ce. Mata da yawa jikinsu sandarewa yake yi, murya ta ɗauke, ba su iya ko ɗaga hannu. Tsoro ne ke yin haka, ba zaɓi ba. Wanda bai taɓa gani ba shi ke tambayar don me ba ta yi ihu ba.

Ranar Lahadi muka je niyaba. Wakilin ya karanta, ya sa ƙarar a ƙarƙashin sashe na 149 na Dokar Laifuka ta 1991, ya ba da umarnin kamawa. Muka miƙa mayafin a matsayin ma'arud, wato kayan shaida, muka tabbatar an rubuta shi a littafin bincike. Aka kwafe saƙon wayar. Ranar Talata aka kama mutumin a tashar raksha.

A nan ne ya kamata in yi bayanin tsoron da ya hana mahaifinta barci, don ba tsoron banza ba ne. Kafin watan Fabrairu na 2015, dokar Sudan ta fassara fyaɗe a matsayin zina ba tare da yarda ba. Ma'anarsa, macen da ta kai ƙara ta riga ta amsa cewa an sadu da ita, in ta kasa tabbatar da tilas sai maganar ta juyo kanta. Mutane ba su manta da 'yar Habashar nan ba, wadda samari bakwai suka yi wa fyaɗe a Omdurman a 2013 tana neman gidan haya, suka ɗauki bidiyo suka yaɗa, amma a 2014 kotu ta same ta ita ma da laifin rashin ɗa'a, ta ci ta tarar fam 5,000. Gyaran 2015 ya raba fyaɗe da zina a sashe na 149. Sai dai Dokar Shaida ta 1994 ta lissafa cikin da mace marar aure ta yi a cikin hujjojin zina, in babu shubuha. Shi ya sa shirun da ake cewa rufin asiri ne yake zama rami. Yarinyar da aka ɓoye, bayan wata huɗu ciki ya fito, ba ta da balag, ba ta da urnik, ba ta da gwajin ranar farko da ke nuna ba ta da ciki kafin abin, da me za ta kare kanta? Wadda ta kai ƙara da wuri tana da duka ukun. Haka kuma sashe na 135 ya halatta zubar da cikin fyaɗe in bai kai kwana 90 ba kuma matar ta so, amma a aikace sai da takardun nan ake sauraron mutum, kuma bin ofisoshin yana cin makonni. Mu Allah ya kiyaye, bayan kwana 16 ta ga al'adarta.

Mako bai cika da kamun ba sai ga dattawa. A nan ana ce wa wannan zama judiyya, masu shiga tsakani kuma ajawid. An shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, an kawo jabana, wato gahawa, an yi addu'a. Maganarsu uku ce. Ta farko, mu Hausawa ne a ƙasar da ake yi mana kallon baƙi duk da kakanninmu sun zauna a nan fiye da shekara ɗari, ga rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a Damazin da kewaye a 2022, bai kamata mu kai junanmu gaban hukuma ba. Ta biyu, za a biya kuɗin magani da wani abu a kai. Ta uku, yaron ya yarda ya aure ta, a rufe magana. Wani dattijo ya ƙara da cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban raina sulhu ba. Na ga ya kashe wutar rigimar gona da ta gado da kotu ba za ta iya ba. Amma sulhu tsakanin mutum biyu masu haƙƙi a kan juna ake yin sa. A nan ɗaya ya yi zalunci, ɗaya an zalunce ta, kuma ita ba a ma kira ta zaman ba. Limamin masallacinmu, wanda ake zaton zai goyi bayan rufewa, shi ya warware. Ya kawo hadisin matar da aka auka wa a hanyarta ta zuwa sallah a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce mata ta tafi, babu kome a kanta, hukunci ya hau kan namijin. Ba a tambaye ta me ya fitar da ita a duhu ba. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi babu haddi a kan wadda aka tilasta. Sannan ya juya ga mai maganar bango ya ce, "Alhaji, ka kiyayi harshenka. Wanda ya jefi mace kamila da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce a Suratun Nur." Wurin ya yi tsit. Mahaifinta ya shiga ciki ya tambaye ta, karo na farko tun da abin ya faru, me take so. Ta ce, "Baba, ba na son aurensa, ba na son kuɗinsa." Ya fito ya faɗa musu haka. Lauyarmu ta kuma bayyana mana daga baya cewa ko da mun janye, fyaɗe yana da haƙƙin jama'a a cikinsa, ba na iyali kaɗai ba ne, janyewarmu ba lalle ta rufe ƙarar ba, sai dai ta raunana ta.

Batun lauya: gwamnati ce ke gabatar da ƙara, amma wakilin niyaba yana da fayiloli tuli, ba kullum yake halartar zama ba. Ku nemi muhami, wato lauya, naku da zai tsaya a madadin haƙƙin yarinyar. Ma'aikatar Shari'a tana da sashen taimakon shari'a ga marasa hali, akwai kuma lauyoyi mata da ke ɗaukar irin wannan ƙara ba tare da kuɗin aiki ba. Tamu ta wannan hanyar muka same ta, mu muke biyan mota da damga, wato tambarin da ake liƙa wa takardu, da kwafi.

Bincike ya ci wata biyu da rabi, mafi yawa jiran sakamakon ɗakin gwaji. Da ya zo, bai nuna kome ba daga samfurin jiki, kamar yadda na yi zato. Aka tura fayil kotu. Tsarin zama shi ne a fara jin mutaharri, sai mai ƙara, sai shaidunta, sai a yi wa wanda ake tuhuma tambayoyi, alƙali ya tsara tuhuma, sai shaidun kariya, sai hukunci. A takarda gajere ne. A ƙasa mun je kotu sau 11 cikin wata biyar, kuma sau 4 ba a yi kome ba: an canja wa mutaharri wurin aiki, motar gidan yari ba ta zo ba, likitar tana bakin aiki, wutar lantarki. Ku zo da ruwa da abin taɓawa, ku zo ƙarfe 8 ko da za a kira ku azahar. Lauyar ta nemi a yi zaman jin bayanin yarinyar a rufe, alƙali ya amince, aka fitar da 'yan kallo. Ta kuma shirya ta tun kwana biyu kafin ranar: ki amsa abin da aka tambaya kawai, in ba ki tuna ba ki ce ban tuna ba, kada ki cike gurbi da zato, ki kalli alƙali ba shi ba. Lauyan mutumin ya yi abin da aka sani. Ya tambayi wane irin tob ta sa, ko tana da saurayi, don me take da lambar wayar direba, don me ta kwana ba ta faɗa ba, don me sai bayan kwana biyu aka je asibiti. Tambayar ƙarshen nan ta fi kowace ciwo, don jinkirin ba nata ba ne, na masu zama a ɗaki ne, amma ita aka sa ta amsa shi a gaban alƙali. Baffan nan mai karin maganar daddawa yana zaune a waje a kan benci lokacin. Da aka gaya masa, bai ce uffan ba, kuma tun daga ranar shi ke kawo mu kotu.

Abin da ya riƙe ƙarar abu huɗu ne: tabon da likita ta rubuta dalla-dalla ta kuma zo ta tabbatar da bakinta, yagaggen mayafin, saƙon waya, da wata mai sayar da shayi a bakin hanya da ta ga rakshar ta nufi gonaki da yarinya a ciki. Mai shayin sau biyu tana ƙin zuwa don tsoron unguwa, sai da aka aika mata takardar sammaci. Duk da haka kotun ta ce ba a tabbatar da fyaɗe yadda babu sauran kokwanto ba, ta same shi da laifin aikin alfasha a sashe na 151, wanda hukuncinsa ɗauri ne gajere. Wannan yana faruwa da yawa idan shaidar ɗakin gwaji ta ɓace. Ana da kwana 15 a ɗaukaka ƙara, kuma kwafin hukuncin kansa yana iya cin mako kafin a buga, don haka a nema a ranar da aka yanke. Mun shigar a rana ta 11.

Da zan sake bin hanyar, ga abin da zan canja. Asibiti kafin taron dangi, ko mahaifi ya yarda ko yana tunani, don shawara tana jira, awa 72 ba ta jira. Mutum ɗaya ya riƙe littafi da jakar takardu tun daga ranar farko, ya rubuta kowane ofis da lokaci da abin da aka ce. A rage yawan waɗanda za ta maimaita wa labarin. Na ƙirga, kafin a kai kotu ta faɗe shi sau 9, kuma kowane maimaici sai ta kwana ba barci. Kada a bar ta ita kaɗai a makonnin farko, a kuma saurari maganganu irin su "da na mutu da na huta", don ba wasa ba ne. Tamu ta faɗa sau ɗaya, muka kai ta wurin mai ba da shawara a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ta yi zama shida. Matan gida su ma a ja musu kunne, don maganar da ta fi yi mata zafi ba daga ɗan sanda ta fito ba, daga wata gwaggo ce da ta ce yanzu wa zai aure ta. Kuma kada a manta da komawa asibiti bayan an shiga hidimar kotu: mako biyu, wata ɗaya, wata uku don sake gwajin ƙanjamau, wata shida don allurar hanta ta ƙarshe.

Gwajin wata uku ya fito lafiya, na wata shida ma haka. Ta koma wurin koyon ɗinki, ƙaninta ke raka ta da ƙafa, har yanzu ba ta shiga raksha. Fayil ɗin yana kotun ɗaukaka ƙara, lauyar ta ce mu leƙa ofishin rajista ranar Lahadi ta farkon wata, mu tafi da lambar balag.